Yadda ake zaɓen rukuni a gasar binciken kimiyya ta ɗalibai

A takardar shiga kowace gasar binciken kimiyya akwai layin da ake rubuta rukuni. Ɗalibai da yawa kan bar shi sai ranar da za a rufe karɓar takardu, su cike shi a tsaitsaye. Alhali wannan layin ne ke zaɓo alƙalan da za su tsaya gaban teburinku. In kuka rubuta ilimin sinadarai, malamin shimi za a turo muku, shi kuwa tambayarsa ba ta wuce wane sinadari ne ya yi aikin, nawa ne yawansa, da me kuka auna shi. In aikin naku na ƙere-ƙere ne, sai ku yi cirko-cirko, shi ma ya rasa ta inda zai ba na'urarku maki. Aiki mai kyau yakan faɗi ta nan, kuma abin da ciwo, don gyaransa bai wuce zama ɗaya da malami tun kafin a fara ba.

Yawan rukunan ya danganta da gasar. ISEF, babbar gasar kimiyya ta ƙasa da ƙasa da ake yi a Amurka tun 1950 don ɗaliban sakandare, tana da rukuni sama da 20. Gasar da aka shirya a lise ko a matakin jiha takan taƙaita su zuwa kaɗan. Duk yadda aka yanka su dai, gidajen ba su canzawa: akwai na masu rai, wato tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu da lafiyar ɗan Adam, akwai sinadarai da kayan gini ko na sana'a, akwai fizik da makamashi, akwai ƙasa da muhalli, akwai lissafi da kwamfuta, akwai ƙere-ƙere, sai kuma halayya da zamantakewa. Kada darussan aji su ruɗe ku. SVT, wato ilimin masu rai da na ƙasa, darasi ɗaya ne a jadawalin mako, amma a gasa ya rabu gida biyar ko shida, kuma zama ɗan seri D bai hana mutum shiga rukunin lissafi ba.

Abin da kuke aunawa shi ne rukuninku

Kafin ku sayi ko da kwalba ɗaya, ku buɗe littafin aikinku ku rubuta jimla guda mai gurbi uku: za mu canza kaza, mu auna kaza, da ma'auni kaza. Gurbi na biyu shi ke faɗin rukuni. Abin da kuke riƙe da shi a hannu, wake ne ko ruwa ko randa, ba ya yanke hukunci. Kayan aikin ma haka: amfani da kwamfuta wajen zana jadawali bai mai da aiki na rukunin kwamfuta ba.

Mu ɗauki wake, tunda babu gidan da bai san ɓarnar ƙwaronsa ba. A ce ƙungiya tana so ta gwada hanyoyin ajiya. Ga yadda ake tsara shi yadda alƙali zai yarda. Ku sami wake kilo 10 daga buhu ɗaya. Ku fara kashe ƙwarin da ke cikinsa: a shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, a baza waken, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a bar shi awa biyu a tsakar rana. Zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babban ƙwaro. In kuka tsallake wannan, wata kwalbar za ta fara da ƙwai ɗari wata da goma, kuma duk abin da kuka ƙirga daga baya ba shi da ma'ana. Sai ku raba shi kwalba 20, kowace giram 500. Huɗu a gauraya da toka, huɗu da yashi mai laushi, huɗu da garin ganyen bedi, huɗu a cika su a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, huɗu kuma a bar su haka nan, su ne shaida, wato waɗanda za a kwatanta sauran da su. Waɗanda ba a toshe ba a ɗaure bakinsu da ƙyalle. A zuba ƙwaro 10 a kowace kwalba, a ajiye su ɗaki ɗaya, a riƙa sauya musu wuri don kada wasu su daɗe kusa da taga.

Cikin zafi ƙwaron wake yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin mako uku zuwa huɗu, don haka gwajin da bai kai mako takwas ba bai ga jikoki ba. Kwalaben da aka toshe kuwa kada a buɗe su sai ranar ƙarshe. Ƙarewar iskar shaƙa ce ke kashe ƙwarin, kamar yadda yake a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka yi aiki a kansa. Kowace buɗewa sabuwar rayuwa ce kuka ba su.

To yanzu ku duba yadda wannan tsari ɗaya yake rarrabuwa. In abin da kuka ƙirga shi ne ƙwari masu rai da matattu da ƙwan da ke manne a jikin wake, aikinku na ilimin dabbobi ne, don ƙwaro dabba ne a wurin masana. In kuka ɗebi ƙwaya 100 daga kowace kwalba kuka jera a jiƙaƙƙen ƙyalle don ganin nawa za su tsiro cikin kwana bakwai, kun shiga ilimin tsirrai. In kuka ƙera murfi na musamman da zai toshe bakin bido, kuka gwada ko yana riƙe iska, ƙere-ƙere ke nan. In kuma kasuwar Dole ta Zinder kuka shiga kuna tambayar masu sayar da wake me ya sa wani ke sayen buhu mai leda wani kuma yake zuba magani, wannan zamantakewa ce. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi ɗan kaɗan daga kowanne. Alƙalin dabbobi ya ga ƙidaya ba ta isa ba, na tsirrai ma haka. Ku zaɓi ɗaya ku nutsa, sauran su zama ƙarin bayani a shafi na ƙarshe.

Ruwa, inda rukunai suka fi cakuɗewa

A Damagaram, wato Zinder, ba a rasa ƙungiyar da za ta zaɓi ruwa, kuma da gaskiyarta. Garin yana zaune a kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa da yawa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma yaron da ya taɓa kwana a layin pampo ba ya buƙatar a gaya masa muhimmancin tambayar. Sai dai "ruwan Zinder" ba bincike ba ne, sunan matsala ne. Dole a tsaga shi.

Tace ruwan tafki da ƴaƴan zogale misali ne mai kyau, kuma ana iya yin sa ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. A ɓare busassun ƴaƴan, a daka farar ƙwayar, a tankaɗe. A auna giram 2 a zuba a ruwa mai tsabta mililita 100, a girgiza sosai, a tace da ƙyalle. Kowace mililita ɗaya ta wannan haɗin tana ɗauke da miligiram 20 na garin. Da sirinji marar allura sai a ɗiba: mililita 2.5, da 5, da 10, da 20, kowanne a lita ɗaya ta ruwa mai laka, ga kuma lita ɗaya ta shaida da ba a sa mata komai ba. A juya da sauri minti biyu, a juya a hankali minti goma, a bar shi ya kwanta awa ɗaya ba a taɓa ba. Kowane awo a maimaita shi sau uku. Haɗin zogalen a yi sabo kowace rana, don yana lalacewa in ya kwana. Ruwan tafkin kuma a ɗebo shi rana ɗaya a bido ɗaya, a girgiza kafin kowace ɗiba, in ba haka ba lita ta farko da ta ƙarshe ba za su zama ruwa ɗaya ba.

"Ya yi haske" ba sakamako ba ne, ana son lamba. Ku sami dogon bututu mai nuna ciki, ku toshe gindinsa da farin murfi da aka zana wa baƙar alama, ku manna ma'aunin santimita a jikinsa. A riƙa zuba ruwan a hankali ana leƙawa ta sama har alamar ta ɓace, sai a rubuta tsayin ruwan. Mutum ɗaya ne zai riƙa dubawa, a inuwa ɗaya, a lokaci ɗaya. Kada ku yi mamaki in kwalbar da ta fi samun zogale ta fi ta tsakiya gurɓacewa. Garin da ya wuce kima yakan rage yana yawo a ruwan. Wannan shi ne sakamakon da ya fi daraja a gwajin, kada ku goge shi.

Wane rukuni ke nan? In burinku gano awon da ya fi kwantar da laka, ko kwatanta zogale da alif, aikin ya fi zama a injiniyancin muhalli, wato gyara abin da ya gurɓata. In kwatanta ruwan rijiyoyin unguwar Birni da na Garin Malam kuke yi ba tare da kun gyara komai ba, ilimin ƙasa da muhalli ne. Ba zai zama na ƙananan halittu ba sai kun ƙirga ƙwayoyin cuta, kuma wannan sai da ɗakin gwaji. A nan ne ɗalibai ke faɗawa rami: su rubuta cewa ruwan ya zama na sha. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, kuma ido ba ya ganinta. Haka sinadarin fuloraid, wanda iyakarsa miligiram 1.5 ce a lita. Ruwa garai-garai mai yawan fuloraid ne ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri ta jihar Maradi. Abin da ba ku auna ba kada ya shiga takardarku.

Akwai kuma hanyar lissafi, wadda ba a cika bi ba alhali ba ta cin kuɗi. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, a daminar da ta ba da milimita 400, ya karɓi lita 20,000. In aka cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura lita 16,000, wato bido 640 mai lita 25. Ɗalibin da ya auna rufin ajujuwan makarantarsu, ya samo alƙaluman ruwan sama na shekaru goma daga ma'aikatar yanayi, ya fitar da girman tankin da zai kai makarantar wata kaza har a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ya yi cikakken aiki na lissafin aikace.

Gwaji daban, ƙira daban

Rukunan kimiyya suna neman hasashe da gwajin da zai tabbatar da shi ko ya rushe shi. Rukunan ƙere-ƙere buƙata suke nema, da sharuɗɗan da aka gindaya tun farko, da samfuri na ɗaya, da inda ya gaza, da na biyu. Randa cikin randa tana nuna bambancin sarai. Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ne ya yaɗa ta, har ya sami kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Tunda an riga an san ta, kawo ta kawai bai isa ba. Mai fizik zai tambayi yadda sanyin ke sauyawa da laimar iska, ya auna zafin ciki da na waje da ƙarfe 7 da 1 da 4 kullum. Mai ƙira zai ce yana son wadda za ta ɗauki tumatir kilo biyar, ba ta shan ruwa fiye da lita kaza a yini, mace ɗaya za ta iya ɗaga ta, sannan ya gwada tazarar yashi santimita 2 da 4 da 6. Dukansu biyu su sani tururin ruwan da ke fita ta jikin tukunyar waje ne ke kawo sanyin. Tukunya mai fenti ko wadda aka shafe da siminti ba ta aiki, ɗakin da iska ba ta ratsawa ma haka, kuma a watan Agusta bambancin yakan ragu ƙwarai.

A fannin makamashi, ƙurar hunturu a kan faifan sola tambaya ce ta gida. Faifai biyu iri ɗaya, gefe da gefe, suna kallon kudu da karkatar kusan digiri 15, tunda Zinder tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Ɗaya a goge shi kullum, ɗaya a bar shi. Ku auna ampiya da tsakar rana. Masu auna bolt kaɗai sukan dawo su ce ƙura ba ta yin komai, don ƙarfin bolt na faifan da ba a jona wa kaya ba ɗan kaɗan yake motsawa ko da hasken ya ragu.

Sinadarai da kayan gini suna da arziki a garin nan fiye da yadda ake zato. Ruwan zoɓo yana ƙara ja in an ɗiga masa lemon tsami, ya koma kore-kore in an sa masa kanwa, kuma da shi ana iya jera kanwa iri-iri bisa ƙarfinta. Bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita tana yin baƙi in ta haɗu da ruwan ƙarfe mai tsatsa, alamar sinadarin da ke jeme fatar. Amma in tubali kuka buga da ciyawa kashi 1 da 2 da 3 cikin ɗari, ko kuka shafe wani da makuba kuka bar wani, kuka ɗiga musu ruwa daga tsayi ɗaya don auna zurfin ramin da zai ci, wannan ilimin kayan gini ne ko da kun ambaci sinadari sau goma.

A ɓangaren kwamfuta rabon a fili yake. Manhaja tsantsa gidanta daban, na'urar da ke karanta zafi ko laima ta kunna wani abu gidanta daban. Abin da ke kayar da irin wannan aiki shi ne a nuna yana kunnuwa amma ba a auna sau nawa ya yi daidai cikin gwaji 50 ba.

Rukunan da ke buƙatar izini

Lafiyar ɗan Adam tana jan ɗalibai, musamman masu burin zama likita, amma ita ce ta fi ƙa'idoji. Ba a ba mutum wani jiƙo ya sha don a ga ko zai warke. Ba a ɗibar jini. Ba a hana dabba mai ƙashin baya abinci ko ruwa don gwaji. A dokokin ISEF haramun ne a rena ƙwayoyin cuta a gida, kuma duk binciken da ya shafi mutane sai kwamiti ya amince kafin a fara, ba bayan an gama ba. Ko gasarku ba ta rubuta haka ba, ku bi, don kariya ce gare ku da mutanen unguwa. Wanda ya nace sai ƙananan halittu, malaminsa ya rubuta wa tsangayar kimiyya ta Jami'ar André Salifou ko wani ɗakin gwaji da wuri, kuma a tanadi wata tambayar in ba a samu ba.

Abin da ke yiwuwa a wannan fanni shi ne aiki da alƙaluman da ke akwai. Da izinin shugaban asibitin unguwa, kuma ba tare da sunan kowa ba, ana iya kwatanta yawan masu zazzaɓin cizon sauro wata-wata da ruwan saman da aka yi. In tambayoyi za ku yi wa mutane, ku rubuta su da Hausa tun farko, ku gwada su a kan mutum biyar, ku gyara waɗanda ba a gane ba. Tambayar da kowane ɗan ƙungiya ke fassarawa daga Faransanci yadda ya ga dama ta zama tambaya uku. Yara kuma sai da yardar iyayensu.

Lokacin shekara ma yana zaɓar muku rukuni. Makaranta tana buɗewa a Oktoba, daidai lokacin da ake girbin hatsi. Mai son auna amfanin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, wanda ya cika gonakin Magarya da Matamaye da Mirya, dole ya kafa filayensa na mita 5 sau 5 a ƙarƙashin itacen da nesa da shi tun cikin hutu, ya auna zangarniya a girbi. In gasar a watan Afrilu take kuma yanzu Janairu ne, wannan aikin ya wuce sai baɗi. Wake da aka girbe, da ƙura, da randa, da lambun rani su ne na wannan lokacin.

Ranar cike takarda

Ku rubuta taƙaitaccen bayanin aikin tukuna, kada ya wuce kalma 250, wanda shi ne iyakar da ISEF ta sa. Ku ja layi ƙarƙashin kowace lamba da kuka samo da hannunku, ku duba awon da ke gefenta: ƙwari ne, santimita ce, digiri ne, ko yawan mutanen da suka ce e. Rukunin da mafi yawan lambobin suka faɗa shi za ku rubuta. In biyu suka yi kunnen doki, ku kai bayanin wurin malaman fannonin biyu, kowanne ya yi muku tambaya biyar. Wanda kuka amsa nasa daga littafin aikinku ba tare da kame-kame ba, nasa ne rukunin. Sunan aikin ma ya bi sahu. "Zogale da ruwa" bai gaya wa mai raba takardu komai ba, amma "Awon garin zogale da ya fi kwantar da laka a lita ɗaya ta ruwan tafki" zai kai ku teburin da ya dace. In ƙungiya ce, ku duba iyakar mutane, a ISEF uku ne. Idan kuma aikin ya sauya hanya a tsakiya, kamar a fara da ƙirga ƙwari a ƙare da ƙera murfi, ku sanar da masu shirya gasar a rubuce kafin su raba alƙalai, ku haɗa da sabon bayanin da sa hannun malaminku.